Ciwon mara lokacin al'ada: jar kanwa, citta ko ruwan zafi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema a kan babbar 'yata. Shekararta 16, tana makarantar kwana. Duk wata in al'adarta ta zo sai ta kwanta, ranar farko ma har da amai da gudawa, sai kwana na biyu zuwa na uku take samun kanta. Yanzu suna hutu, kakarta ta wajen uba ta ce a riƙa jiƙa mata jar kanwa tana sha, wai da ita aka raine su. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, sannan ba na son yarinya ta saba da haɗiyar ƙwaya tun yanzu. Me kuke yi a gida da kuka ga amfaninsa?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, ki bi maganar surukarki. Jar kanwa ɗan gutsure a jiƙa a kofi, in ta narke a tace ta sha da ɗumi. Tana tsinka daskararren jinin da ya taru, shi ne yake murɗa mata mara. Mu da muka tashi ba mu san wani kemis ba. Kuma ki hana ta zaƙi da ruwan firji. In Allah ya kawo miji ta yi aure, sai dai ta ba da labari.

Ummu Sudais: Ni hulba nake ba ƙannena. Cokali ɗaya a tafasa, a sa zuma, safe da yamma. Sai man habbatus sauda a shafa a mara a ɗan mulmula. Ya zo a hadisi ingantacce cewa habbatus sauda waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa. Kar kuma a manta da addu'ar da Annabi (SAW) ya koya wa Usman ɗan Abil As: ta ɗora hannu inda ke mata ciwo, ta yi Bismillah sau uku, sannan ta nemi tsarin Allah da ikonsa daga sharrin abin da take ji sau bakwai. Mai haila sallah da azumi aka ɗauke mata, ba a hana ta addu'a ba.

Zee Kaduna: Hmm su Anti ku dai faɗi gaskiya, in ciwon nan ya murɗo ki ba ki da lokacin tafasa hulba 😩 Mu a hostel Felvin muke sha. Ni in abin ya yi tsanani guda biyu nake watsawa, in bai sake ni ba in ƙara da daikulofenak.

Anti Nas: Innalillahi. Zee, tsaya tukuna, ke zan fara da ke kafin in zo kan kanwa. Abin da ke cikin Felvin sunansa firoksikam, kuma shi da daikulofenak da aibufurofen duk 'yan gida ɗaya ne, aiki iri ɗaya suke yi. In kin haɗa biyu ba sauƙi kika ninka ba, haɗarin gyambon ciki da zubar jini a hanji da taɓuwar ƙoda kika ninka. Shi firoksikam ma yana daɗewa ƙwarai a jiki, wanda kika sha yau har jibi da sauransa a jininki, shi ya sa ko ga masu ciwon gaɓoɓi ƙwaya ɗaya ake ba su a yini. Tun 2007 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta ce a daina ba da shi don ciwon da ke zuwa ya wuce cikin 'yan kwanaki, saboda yadda yake cin ciki. Don Allah ƙanwata ki daina wannan haɗin daga yau.

Zee Kaduna: Tab. Wallahi Anti kusan duk ɗakinmu haka muke yi, wasu ma da safe kafin su ci komai.

Anti Nas: Wannan shi ya fi muni. To bari in yi bayanin abin da ke faruwa a ciki, don in aka gane shi za a gane wane maganin gida ne mai ma'ana.

Duk wata mahaifa tana shimfiɗa wani rufi a cikinta don jiran ciki. In ciki bai shiga ba sai rufin ya saɓule ya fita, shi ne jinin al'ada. A lokacin saɓulewar, rufin yana sakin wani sinadari da ake kira furostagilandin, shi ke sa naman mahaifa ya riƙa matsewa kamar yadda ake matse wanki, don ya turo jinin waje. In sinadarin ya yi yawa matsewar sai ta yi ƙarfi har ta danne jijiyoyin da ke kai wa mahaifar jini na ɗan lokaci, nan ne mace take jin murɗa. Shi dai wannan sinadarin in ya shiga jini yana taɓa hanji, shi ya sa Ilham take amai da gudawa. Ya fi yawa a ranar farko da ta biyu, daga nan ya ja baya. Kun ga ke nan ba wani jini ne ya daskare ya toshe hanya ba, balle a ce sai an tsinka shi.

Saboda haka abu na farko da zan ce wa Maman Ilham shi ne zafi. Gashin mara da ruwan ɗumi yana sassauta naman da ya ɗaure, jini ya samu wucewa. An gwada shi a bincike an kwatanta da aibufurofen, aka ga sauƙin da yake kawowa bai yi nisa da na ƙwayar ba. In akwai jakar roba ta ruwan zafi da ake sayarwa a kemis, madalla. In babu, a zuba ruwan a gora mai murfi mai kyau, a naɗe da tawul, a ɗora a ƙasan cibiya ko a ƙugu minti 15 zuwa 20, a huta, a sake. Ɗumin da fata za ta iya jurewa ake so, wajen digiri 40, ba tafasasshe ba. Kuma kar ta yi barci da shi a jiki.

Na biyu citta. A 2009 an yi wani gwaji a Iran a kan ɗalibai mata 150, aka raba su, wasu aka ba su garin citta miligiram 250 sau huɗu a yini na kwana uku, wasu aka ba su magungunan asibiti, sakamakon ya zo kusan ɗaya. Wannan adadin in an tara bai wuce rabin ƙaramin cokalin shayi na garin busasshiyar citta a yini ba. Kun ga ba tuli ake nufi ba. Kuma citta tana kwantar da tashin zuciya, wanda yarinyar nan take fama da shi.

Sirrin duka biyun shi ne a fara da wuri. Ta riƙa rubuta ranar da take gani a bayan littafinta. Da ta ji alamar farko, nauyin mara ko ciwon baya, ta fara shayin cittarta, kar ta jira sai ta kai ga birgima.

Maman Nana Maraɗi: Gaskiya ne maganar gashi. Nan wajenmu in babu gora yashi mai tsabta ake soyawa a kasko, ko gishiri, a ɗaure a tsumma mai kauri, yana riƙe zafi ya daɗe. Ɗiyata in za ta tafi lakwal a ranakun, shayin citta da kanumfari da na'ana'a nake zuba mata a fulas.

Malama Safiyya: Ni da nake koyarwa a makarantar kwana ta 'yan mata, abin da nake gani ya sa dole in yi gargaɗi a kan zafin nan. Yara suna ɗora dutsen guga a mararsu a kan riga, wasu su zuba tafasasshen ruwa a siririyar gorar ruwan sha, robar ta lanƙwashe murfin ya ɓalle. Mun kai yarinya asibiti da ƙuna a cinya ta wannan hanyar. Akwai kuma waɗanda fatar mararsu ta yi baƙi dabbare-dabbare saboda yawan gashi da zafi mai tsanani. Iyaye ku daure ku saya musu jakar ta gaske ku sa a akwati, ba ta da tsadar da za ta gagara.

Hajiya Babba: Duk na ji, amma Anti Nas ba ki ce komai kan kanwa ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mu mun sha, ga mu nan da ranmu da lafiyarmu, mun haifi goma-goma.

Anti Nas: Allah ya ƙara girma da lafiya Hajiya, ban manta ba. Kanwa gishiri ce, irin gishirin da ke sa jiki ya riƙe ruwa ya kuma tayar da hawan jini. 'Yar wadda ake jefawa a miyar kuɓewa ko a dahuwar wake ba ita nake nufi ba. Amma a jiƙa ta a kofi a ɗaga a sha, wannan gishiri ne mai yawa a lokaci guda, kuma tana da kaifi, tana iya ƙona ciki ta tsananta gudawar da yarinyar ke yi dama. A nan Zariya, tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawan masu jego da ke zuwa da kumburi da gazawar zuciya, suka bi diddigi suka danganta abin da yawan kunun kanwa tare da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Na san mai jego daban, budurwa mai ciwon mara daban, kuma ban ce kofi ɗaya zai kayar da Ilham ba. Amma abu ne da za a maimaita duk wata shekara da shekaru, kuma ba ya taɓa sinadarin da ke haddasa ciwon. In an ji sauƙi, ina kyautata zaton ɗumin ruwan ne ya yi aikin, ko kuma lokacin lafawar ciwon ne ya zo.

Hajiya Babba: To ai ku komai na gargajiya sai kun kushe.

Maman Nana Maraɗi: Haba Hajiya, citta da gashi ai na gargajiya ne, kuma su ta fara yabawa 😄

Ummu Sudais: Anti Nas hulbar fa? Kar ki ce min ita ma.

Anti Nas: A'a Ummu Sudais, hulba akwai ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna tana rage ciwon, haka kirfa. Hujjarsu ba ta kai ta citta ƙarfi ba, amma daidai misali ba laifi. Sai dai mai ciwon suga da ke shan magani ta yi hankali, hulba tana saukar da suga. Matar aure kuma da al'adarta ta makara kar ta dirka wa cikinta hulba ko kirfa da sunan "buɗe hanya" sai ta yi gwajin ciki. Kirfa irin ta kasuwa in aka mayar da ita abin sha cokali-cokali kullum tana iya wahalar da hanta. Shafa man habba a mara ba shi da matsala, mulmulawar kanta tana taimakawa. Mai gyambon ciki kuma citta tana iya tayar mata da ƙwannafi, ta sha bayan abinci, ta rage ƙarfinta.

Amaryar Gombe: Maganar zaƙi fa? Ni tun ina yarinya ake ce min in na sha lemon kwalba ko alewa jinin zai ƙaru. Har yau tsoron suga nake in kwanakin sun matso.

Anti Nas: Babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa suga yana ƙara jini. Rage lemon kwalba alheri ne ta wasu fuskokin, ga shi iskar da ke ciki tana ƙara kumburin ciki a ranakun. Ruwan sanyi ma ba ya daskarar da jinin mahaifa, kafin ya wuce ciki ya ɗauki ɗumin jiki. In mace ta fi jin daɗin mai ɗumi ta sha abinta. Abin da na fi so a kula da shi shi ne abinci mai gina jini ga mai zubarwa da yawa: zogale, alayyafo, wake, hanta, kifi. Zoɓo kuwa jansa ne kawai ya yi kama da jini.

Uwar Biyu Sakkwato: Ni maganar Hajiya ta "in ta yi aure zai wuce" ce ta tsaya min a rai, kuma ku yi haƙuri zan yi tsawo. Haka aka riƙa gaya min tun ina budurwa. Na yi auren, ciwon bai tafi ba, sai ma ya ƙaru. Ya koma yana fara min kwanaki kafin jini ya zo, ya ci gaba bayan ya ɗauke. Kwanciyar aure ta zame min azaba, abin da ba na iya faɗa wa kowa. Shiga banɗaki lokacin al'ada kuka ne. Duk inda na je sai a ce sanyi ne, a haɗo min maganin sanyi, na asibiti da na gargajiya, na zauna a ruwan bagaruwa har na gaji. Dangin miji suka fara maganar haihuwa, wasu suka ce jinnu ne. Wani mai kemis a unguwarmu ya fara yi min wata allurar kashe ciwo mai ƙarfi da ake ce wa fenta duk wata, har na kai in ban samu ba jikina rawa yake, ko ba na al'ada. Allah ne ya kiyaye, yayata ta ja ni wajen likitan mata. Bayan gwaje-gwaje da aikin da ake leƙa ciki da kyamara aka ce endometiriyosis ne, wato irin naman rufin mahaifa ya tsiro a waje da ita. Aka yi min aiki, aka ɗora ni a magani, daga baya Allah ya ba ni tagwayena. Har gobe ina gasa marata, ina shan citta, suna taimaka min. Amma da citta kaɗai aka bar ni da ban san inda nake yanzu ba. Don Allah in yarinya ta ce tana jin ciwo a yarda da ita, a daina ce mata raki.

Maman Ilham: Allahu akbar. Sannu 'yar uwa, jikina ya yi sanyi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Hajiya Babba: Allah sarki, sannu Uwar Biyu. Amma ni dai na ga da yawa da suka haihu suka rabu da shi.

Anti Nas: Wannan gaskiya ne Hajiya, ciwon mara na 'yan mata wanda ba wata cuta a ƙarƙashinsa yakan ragu in shekaru sun ja, ya kuma ragu bayan haihuwa ga mata da yawa. Ɗaurin aure dai ba ya canza komai a mahaifa. Irin na Uwar Biyu kuma ba jira yake so ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da endometiriyosis, kimanin mata miliyan 190 a duniya. Ga ƙarin mahaifa, wanda ya fi yawa a cikinmu baƙar fata, shi ma yana zuwa da ciwo da zubar jini mai yawa.

Ga inda nake cewa a ajiye tukunyar shayi a nufi asibiti. In ciwon yana ƙaruwa wata bayan wata, ko ya fara wa mace a girma alhali da ba ta yi. In tana jiƙa auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko jinin yana wuce kwana 7, ko tana ganin jiri da haki. In akwai zazzaɓi ko ruwa mai wari. In akwai zafi wajen kwanciyar aure. Mace mai aure da ta yi ɓatan wata sannan ciwo mai tsanani ya kama ta a gefe ɗaya, ko da ɗigon jini, wannan a tafi a daren, yana iya zama ciki a wajen mahaifa, kuma yana kisa. Yarinya kuma da ta isa, tana ciwon mara duk wata amma ba ta taɓa ganin jini ba, a kai ta a duba, wani lokacin hanyar ce a rufe. Kar a kai ta wajen mai aska.

Ita Ilham, Maman Ilham, yadda kika kwatanta ya fi kama da na 'yan mata da aka saba. Amma tunda yana hana ta shiga aji, ni da zan so likita ya gan ta kafin hutu ya ƙare. Kuma kar ki ji tsoron ƙwaya in an sha ta bisa ƙa'ida. Aibufurofen miligiram 400 bayan cin abinci, kar ya wuce sau uku a yini, na kwana biyu ko uku kawai, ba ya sa sabo kuma ba ya hana haihuwa. Shi yana rage sinadarin nan ne kai tsaye. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda, ko mai asma da irin maganin ke tayar mata, ita farasitamol za ta tsaya a kai ta haɗa da gashi. Wanda ke sa sabo shi ne tiramadol da allurar da Uwar Biyu ta ambata.

Malama Safiyya: Ƙari a kan wannan, Maman Ilham in likita ya rubuta mata magani ki kai takardar wajen matiron da kanki. A makarantu da yawa ba a barin yara su ajiye ƙwaya a akwati, in an kama a ƙwace, shi ya sa suke saye a ɓoye suna sha yadda suka ga dama. Sannan na lura yaran da ke fita wasanni da yamma sun fi samun sauƙi a kan masu dunƙulewa a gado wata guda. Ko a ranar ciwon, in ta iya ɗan zagaya harabar hostel a hankali ya fi.

Kayan Mata Original: Salam 'yan uwa akwai haɗin wankin mahaifa sadidan, kwalba ɗaya ciwon mara da sanyi da rashin haihuwa sun tafi har abada, ku yi min magana ta ciki

Admin: An goge lambar. Ba a talla a nan sai ranar Asabar, kuma ko ranar Asabar ba ma karɓar maganin da ba a faɗi abin da ke cikinsa ba.

Zee Kaduna: 😂 Anti Nas ashe mahaifa ma wanki ake mata

Anti Nas: Ita ke wanke kanta duk wata, Zee. Ke dai ki je a duba miki cikinki in kina jin zafi a ƙahon zuci ko kin taɓa ganin bayan gida baƙi ƙirin.

Maman Haidar: Na zo a makare, na karanta daga sama. Tambaya biyu gare ni Anti. Ƙanwata sikila ce, al'adarta takan tayar mata da ciwon ƙashi, ko ita ma gashin da cittar za ta yi? Ni kuma tunda aka saka min robar tazarar haihuwa ta cikin mahaifa marata ke ciwo in zan yi al'ada, da can ba na yi.

Anti Nas: Maman Haidar, ga mai sikila ɗumi yana da kyau, sanyi ne abokin gabarta, kuma ta yawaita shan ruwa sosai a ranakun, musamman in tana amai. Shayin citta daidai misali ba laifi. Kanwa kam kar ta kusance ta. Maganin ciwo kuma kar ta saya da kanta, ƙodar masu sikila tana buƙatar lallaɓawa, ta gaya wa likitanta na asibitin sikila cewa al'ada ce ke tayar mata, akwai tsarin da suke ɗora irinsu a kai.

Taki kuma, in mai jan ƙarfe ce aka saka miki, an san ta da ƙara ciwon mara da yawan jini, musamman a watannin farko, yawanci yana lafawa daga wata uku zuwa shida. Gashi da citta za su rage miki. In ya wuce haka bai sauka ba, ko akwai zazzaɓi ko wari, ko kin laluba ba ki ji zaren ba, ki koma inda aka saka miki su duba ko ta goce. Akwai wata irin robar mai sakin sinadarin hormon, ita rage jini da ciwo take yi, kina iya tambayarsu ko suna da ita.